Yadda za ka nemi aiki a harkar man fetur daga nan Damagaram

Samari da yawa in ana hira a fada maganarsu ɗaya ce, wai ga matatar mai ta SORAZ nan a hanyar Tanut tun 2011 tana tace gangar mai 20,000 a rana amma ɗan gari bai samu shiga ba. To ɗan'uwa bari in faɗa maka gaskiya, matata inji ce ke yawancin aikin cikinta, ba ta ɗaukar mutane da yawa kamar gona, kuma wanda ya shiga ba ya saurin fita. Aikin da kai za ka iya kamawa yana gun ƙananan kamfanonin da ake ba kwangila, masu jigilar isansi da gazuwal da sitarni, masu gadi, masu dafa abinci, masu gyaran inji da sudur, har can Agadem a jihar Diffa inda ake haƙo man da kuma kan bututun nan mai kusan kilomita 2,000 da ke kai shi Seme a Benin, wanda aka fara loda jirgi da shi a 2024. Shekarar nan ta 2024 kuwa gwamnati ta fito da doka da ke cewa kamfanonin mai da na ma'adinai su fifita 'yan ƙasa wajen ɗaukar aiki da ba da kwangila. Amma doka ba za ta biyo ka gida ta tashe ka daga tabarma ba, sai ka kai kanka da takardu.

Fara da sana'a guda, guda ɗaya tak. Wanda ya je ya ce "kowane aiki ma zan yi" shi ake fara mantawa. In tuƙi ne ka nemi permi na babbar mota, don na ƙaramar mota kowa na da shi. In sudur ne ko aikin kuran ko makanikanci, kuma a garaji ka koya gun maigidanka shekara da shekaru, to hannunka ya iya amma ba ka da shaida, kuma mutumin da ke zaune a biro ba ya ganin hannu, takarda yake gani. Je CFM, cibiyar koyon sana'a ta kominku, ka tambaya yadda za ka samu atestasiyo, ka kuma riƙa sauraren sanarwar FAFPA, su ne asusun da ke tallafa wa koyon sana'a. Mai diplom daga Jami'ar André Salifou shi kuma ya nemi sitaj ko da ba biya, wata uku da aka rubuta a takarda aka buga hatimi sun fi dogon bayani.

Sai dosiye, nan ne ake yawan faɗuwa. Takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, kasiye judisiyer daga jastis (takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta ka), hotuna, CV shafi ɗaya da faransanci. Kasiye wata uku kawai yake aiki, saboda haka kar ka cire shi tun yanzu ka ajiye a ƙarƙashin katifa, bari sai ka ga sanarwa. Kofi na diplom ka kai a legalize maka a meri ko kumsariya, na asali kuwa ya zauna gida cikin leda, kar ka taɓa barin shi a hannun kowa. Ka duba sunanka da kyau, in a takardar haihuwa Mahamadou ne a permi kuma Mamane, ka gyara tun da wuri, wannan ɗan bambancin kaɗai ya isa a ture dosiyenka gefe. Lambar wayar da ka rubuta ta kasance wadda ke kunne, ba ta ƙaninka da ya tafi Agadas ba.

Daga nan ka je ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ka yi rajista ka karɓi kartinka na mai neman aiki, ka riƙa leƙawa kana duba allon sanarwa, kar ka dogara da abin da ake turowa a gurup na WhatsApp kaɗai. Duk wanda ya kira ka ya ce turo jika hamsin in sa sunanka a lis, wallahi cuta ce, rufe wayarka.

In Allah ya sa an kira ka, kar murna ta sa ka fara aiki da baki kawai. Ka ce cikin ladabi, ranka ya daɗe ina son kwantira a rubuce, ka karanta ko ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka, na wata nawa ne, nawa ne albashi, awa nawa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, SMIG, jika 42 ne, da can sefa 30,047 ne, kuma awa 40 ne aikin mako a doka, abin da ya hau kai biyansa daban. Tambayi lambarka ta CNSS, asusun inshorar ma'aikata, don in sitarni ta ji maka ciwo a ƙafa ita ce za ta tsaya maka, kuma kowane wata ka karɓi biltan na albashi ka adana. In maigida ya fara ja da baya kan biya, da kwantira da biltan ɗin nan za ka tafi ofishin inspekta na aiki ka kai ƙara.