Kurakuran da aka fi yi a atisayen ƙarfin zabura

Idan ƙafa ta dira ƙasa, tsokar sha-raɓa da agara sukan miƙe, sannan su tsuke nan take su cilla mutum, kamar danƙon harbin tsuntsu. Wannan shi ne ƙarfin zabura. Gwanin tseren mita 100, in gudu ya yi gudu, ƙafarsa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. Wani koci na Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya shahara da atisayen gina wannan ƙarfi a shekarun 1960: a sauko daga kan akwati, ana taɓa ƙasa a tashi sama.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne daɗewa a ƙasa. Sai ka ga yaro ya diro, ya durƙusa kamar mai gaida surukai, ya tattaro ƙarfi, sannan ya yi tsalle. Tsallen kam ya yi sama, amma ƙarfin da agara ta ajiye ya riga ya tsiyaye. Masana sun ja layi a kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, abin da ya wuce haka ya koma wani atisayen daban. Ma'auninsu shi ne a raba tsayin tsalle, a lissafin mita, da lokacin da ƙafa ta yi a ƙasa. Wanda ya tashi santimita 30 cikin daƙiƙa 0.2 yana da maki 1.5, wanda ya tashi 40 cikin 0.4 kuwa 1.0 ya samu, ko da 'yan kallo shi za su tafa wa. Gyaran ba wuya. Ka ce wa yaro ya ɗauka ƙasar garwashi ce, ka kuma kasa kunne: "tas" ake son ji, ba "tim" ba. Bidiyon waya mai tafiyar hawainiya zai nuna maka sauran.

Yawanci tsayin akwati ne ke jawo wannan. Verkhoshansky ya yi aiki da santimita 75 zuwa sama, amma da 'yan wasan da suka shekara suna ɗaga ƙarfe. Sabon shiga ya fara da 20 zuwa 30. Da zarar dunduniya ta fara bugun ƙasa, ko gwiwoyi suna karkata ciki, a rage tsayin, ba gardama. Kafin akwati ma, a yi makonni ana tsallen igiya. Yaron da ya tashi yana langa, wallahi ya riga ya samu rabin harsashin.

Sai kuma masu ajiye tsalle zuwa ƙarshen atisaye, bayan yara sun galabaita, wani lokaci ma a matsayin horo ga wanda ya makara. Wannan yana ƙona mini rai. Gajiyayyar ƙafa ba ta zabura, jinkiri kawai take koyo, ga ciwon agara da gwiwa na jiranta. A yi shi bayan ɗumama jiki, tsalle biyar ko shida, a huta minti biyu zuwa uku, sannan a sake. Sau biyu a mako ya isa, da tazarar awa 48 aƙalla.

Filin ma a duba shi. Siminti yana cin gaɓɓai, yashi mai zurfi kuma yana shanye ƙarfin da ake son ya dawo wa ƙafa. A nemi ciyawa ko ƙasa mai ɗan tauri, a share tsakuwa kafin a ajiye akwatin.