Hutun farko a jirgin ƙasa: shawara ga ma'auratan da suka sauka Jamus

Yawancinmu ba tare muke isowa ƙasar nan ba. Maigida ne kan fara zuwa karatu ko aiki, ya shekara ɗaya ko biyu yana fama da takardu, sannan uwargida ta biyo baya. Wani lokacin kuma ita ce ta riga shi. Wanda ya zo daga baya, makonninsa na farko a ɗaki suke ƙarewa, daga gida sai kantin cefane sai ofishin baƙi. Shi ya sa nake roƙon ma'aurata kada su kashe hutunsu na farko a falo. Ku ware mako guda ku zaga a jirgin ƙasa. Wanda ya yi mako yana karanta allon tasha, yana neman layin da jirginsa zai tsaya, yana nuna tikiti da hannunsa, to ya daina tsoron ƙasar, kuma wannan ya fi duk hotunan da za ku ɗauka amfani.

Gari uku sun isa. Na san taswira tana ruɗin ido, mutum ya ga Berlin da Munich awa huɗu ne kawai a jirgi mai gudu, ya fara lissafa gari bakwai a kwana bakwai. Amma otal yana sallamar baƙo wajen sha ɗaya na safe, na gaba kuma ba ya ba da ɗaki sai wajen uku na rana, don haka duk ranar da kuka canza gari, rabinta ta tafi a jan akwati. Ku ba kowane gari kwana biyu aƙalla. Tsarin da na fi so ga sababbi shi ne Berlin, sai Hamburg, sai Kolon, a rufe da yini ɗaya a bakin kogin Rhine. Daga Berlin zuwa Hamburg bai kai awa biyu ba idan ba a aikin gyaran layi, daga Hamburg zuwa Kolon kuma kimanin awa huɗu.

Kafin a zo maganar kuɗi, a duba takardu. Kowa ya riƙe fasfonsa da katin izinin zamansa a jikinsa, ba a haɗa su duka a jakar mutum ɗaya ba. Idan kuna sha'awar leƙawa Holand ko Beljiyam daga Kolon, ku sani tun watan Satumba na 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, kuma 'yan sanda na shiga jirgi. Wanda katinsa bai fito ba, yana riƙe da takardar wucin gadi da ake kira Fiktionsbescheinigung, ya tambayi ofishin baƙi tukuna, domin ba kowace irinta ce ke ba da damar fita a dawo ba. Idan akwai shakka, ku tsaya cikin Jamus, abin kallo ba zai ƙare muku ba.

Tikiti ne wurin da sababbi suka fi yin asara. Jiragen nan iri biyu ne: na dogon zango, wato ICE da IC da EC, da kuma na yanki, masu alamar RE ko RB, tare da S-Bahn, jirgin cikin gari da kewaye. Tikitin wata da ake kira Deutschlandticket, wanda aka fara a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026, yana aiki a jiragen yanki da bas da jiragen cikin gari a ko'ina a ƙasar, amma ba ya aiki a ICE. Ina nanata wannan saboda mutum yana tsaye sai ga farin jirgi mai jan layi ya tsaya, da sunan garin da za shi a jiki, ya shige. Mai duba tikiti ba zai karɓi uzurin baƙunta ba, kuma tarar ba ta gaza Yuro 60, kowannenku da tasa. Tikitin na mutum ɗaya ne da sunansa, ba a aron na miji ko na maƙwabciya.

Don dogon zango, ku sauke manhajar DB Navigator, ta kamfanin jirgin ƙasa na Jamus, a wayoyinku duka biyu. Farashi hawa uku ne. Flexpreis ya fi tsada, amma kowane jirgi na ranar za ku iya shiga. Sparpreis da Super Sparpreis sun fi araha nesa ba kusa ba idan an saya da makonni a gaba, sai dai an ɗaure su da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya. Kuka makara da laifinku, kuɗin ya tafi. Talata da Laraba da Asabar da yamma sun fi sauƙin farashi, Juma'a da Lahadi da yamma kuwa tsada da cunkoso. Kujera ba ta cikin kuɗin tikitin aji na biyu, ana biyan Yuro biyar da ɗoriya a kan kowace. Ku biya. Tafiyar awa huɗu, miji a wannan tarago mata a wancan, ko dukansu a tsaye a bakin ƙofa, ba hutu ba ne. Wajen zaɓen kujera ku lura da taragon shiru, Ruhebereich: idan kun san za a kira gida Kano ko Damagaram a gaisa da su Hajiya, kada ku zauna a can.

Akwai kuma katin rangwame, BahnCard 25, mai rage kashi ɗaya cikin huɗu har a kan tikitin araha. Suna da na gwaji na wata uku, wanda zai iya biyan kansa a tafiya irin wannan, amma idan ba a soke shi a kan lokaci ba, da kansa yake komawa na shekara.

A gida muna jin labarin Bajamushe ba ya makara. Jiragensa dai suna yi. A 2024, kashi 62.5 cikin ɗari na jiragen dogon zango ne kawai suka cika lokaci. Don haka idan tafiyarku da canjin jirgi, kada ku yarda da minti shida da manhaja ke bayarwa. Akwai wurin da ake ƙara tazarar, ku mayar da ita minti ashirin ko talatin. Ku sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, daga farko har ƙarshe. Idan jirgin farko ya makara har ana sa ran za ku isa da jinkirin minti 20 ko fiye, ɗaurin tikitin ya warware, kuna da damar shiga jirgi na gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba. Jinkirin awa ɗaya kuma ana mayar da kashi 25 na kuɗin, na awa biyu kashi 50, kuma a cikin manhajar ake nema. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maigida ya riƙe komai a wayarsa, uwargida tana biye da shi ba ta san sunan otal ba. Ƙofar jirgi tana rufewa kafin lokacin tashi, kuma ba ta jiran kowa. Idan ɗaya ya shiga ɗaya na ƙasa da akwati, me za a yi? Ku yanke wannan tun a gida: wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya, wanda ke ƙasa ya je teburin bayani, DB Information. Tikitin mutum biyu da sunan ɗaya yake fita, don haka ku ajiye shi a wayoyi biyu, ko ma kowa ya sayi nasa. Adireshin otal a rubuta a takarda, da 'yan kuɗi a hannun kowa. Kuma Malam, don Allah ka bar ta ta ja ragamar yini ɗaya cur, ita ta nemo layi, ita ta duba inda taragonku zai tsaya, ko da za ku rasa jirgi ɗaya na yanki. Wani na zuwa bayan awa ɗaya ko ƙasa da haka.

Ku karanta sunan tasha har ƙarshensa. Frankfurt biyu ce, ta kogin Main da ta Oder a iyakar Poland. Wasu ICE suna tsayawa a Köln Messe/Deutz, tsallaken kogi, ba a babbar tashar Kolon ba. Jirgi ma yakan rabu biyu a hanya, kamar yadda na Berlin zuwa Kolon ke yi a garin Hamm, shi ya sa lambar tarago ke da muhimmanci.

Salla tana buƙatar shiri. A watan Yuni magariba kan kai wajen goma na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk su taru cikin 'yan awanni. Da hunturu ku zaɓi jirgin safe. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin tafiya. A Malikiyya, wanda ya yi niyyar kwana huɗu a gari cikawa yake yi. Bayin tasha na kuɗi ne, wajen Yuro ɗaya, kuma ƙaramar gorar ruwa a jaka tana maye gurbin buta. Juma'a ku sa ta faɗo a gari, ba a kan hanya ba: akwai masallacin Şehitlik a Berlin, ga babban masallacin unguwar Ehrenfeld a Kolon. Abincin halal ba wahala a titin Sonnenallee na Berlin da Steindamm da ke daf da tashar Hamburg. Ran Lahadi kantuna a rufe suke, sai na cikin manyan tashoshi.

Abin kallo kuwa, kada ku cika jadawali. A Berlin hawa ƙubbar majalisar dokoki kyauta ne, amma sai an yi rajista tun da wuri. A Hamburg, jirgin ruwa mai lamba 62 daga mashigar Landungsbrücken yana cikin tikitinku na wata, wato Deutschlandticket, ya zaga da ku tashar jiragen ruwa. Garin Heinrich Barth ne, matafiyin nan Bajamushe wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Babban cocin Kolon, da aka fara a 1248 aka gama a 1880, kuna fitowa tasha za ku gan shi. Rabin awa daga nan sai Bonn, inda sashen Hausa na DW yake, muryar da da yawanmu muka tashi muna ji a rediyon gida. Don yinin bakin kogin Rhine, daga Koblenz zuwa Mainz ku hau jirgin yanki mai bin gaɓar yamma, ku zauna ta hagu, ɓangaren kogi.

Kafin ku kama otal ku duba kalandar garin, domin lokacin bikin Karneval a Kolon ko babban baje koli, kuɗin ɗaki kan ninka. Idan kuma don wannan tafiya kawai kuka yanki Deutschlandticket, ku tuna rajista ce mai sabunta kanta duk wata: sai an soke ta kafin ranar 10 ga wata ta wuce, in ba haka ba za a cire kuɗin wata mai zuwa daga asusunku.