Yadda Ake Hango Tashar Sararin Samaniya da Ido

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya, kuma tun watan Nuwamba na shekarar 2000 ba a taɓa rasa mutane a cikinta ba. Hanyarta tana ratsa samaniyar Najeriya da Nijar, ana kuma ganinta ba tare da madubin hangen nesa ba.

Da farko a duba lokacin wucewarta a manhajar Spot the Station ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Lokacin da ya dace shi ne bayan magariba ko gab da asuba, domin hasken rana ne ke faɗa wa jikinta a can sama alhali mu duhu ya lulluɓe mu. A fita fili nesa da fitilu, a fuskanci ɓangaren da manhajar ta nuna. Hazon hunturu yakan ɓata kallon, don haka daren da sama ta washe bayan ruwa ya fi.

Za ta bayyana kamar tauraruwa mai tafiya, wani lokaci haskenta ya kusan kai na Zara, kuma ba ta ƙiftawa kamar fitilar jirgin sama. Ni dai jikina kan yi sanyi idan na tuna cewa 'yan Adam irina ne a cikin wannan ɗigon haske, suna ganin fitowar rana kusan sau 16 a kwana ɗaya. Bayan 'yan mintoci tashar takan dushe idan ta shiga inuwar duniya.