Kada ka karanta wa shugaba abin da ya fi ka sani

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ofis shi ne buɗewa da zancen da mai karatu ya riga ya haddace. Mai kula da ɗakin magani a asibitin ƙaramar hukuma zai rubuta wa babban likita: "Kamar yadda ka sani, ranka ya daɗe, zazzaɓin cizon sauro yana yawaita da damina, kuma ya fi haɗari ga yara da mata masu ciki." Likitan da ke ganin layin iyaye mata a bakin ƙofarsa duk watan Agusta ba ya buƙatar wannan. Abin da yake nema shi ne kwali nawa na magani ya rage, zuwa wace rana zai kai, da kuma takardar da ake so ya sa wa hannu. Idan waɗannan suna can ƙasan shafi, zai iya ajiye takardar kafin ya iso su, yara kuma su zo a ce babu magani. Gyaran mai sauƙi ne: duk jimlar da ta fara da "kamar yadda kowa ya sani", a goge ta, a ɗauko buƙatar a sa ta a layin farko.

Ƙanwar wannan ita ce "na rubuto wannan takarda ne domin in sanar da kai cewa". Ai takardar tana hannunsa. A fara da labarin kai tsaye.

Gaisuwa ba ta cikin abin da nake cewa a cire. Sallama da "fatan an tashi lafiya" ladabi ne, kuma saƙon da babu su yana da kaushi a kunnen Bahaushe. Layi ɗaya dai ya wadatar. Haka a wurin taro: idan mai gabatarwa ya jero manyan baƙi da muƙamansu, ba dole kowane mai jawabi ya sake jero su ba, ya kuma ƙara da cewa "ilimi gishirin zaman duniya ne" a gaban malaman makaranta. Minti biyar ɗin da aka ba shi sun tafi, bai ce komai kan rufin ajin da iska ta yaye ba.

Akwai kuma waɗanda suka ji an ce a taƙaita sai suka yanke abin da ake buƙata. A rukunin WhatsApp na ma'aikata za a turo: "Akwai taro Litinin, a halarta." Wace Litinin? Ƙarfe nawa, a wane ɗaki, a zo da me? Mai rubutun ya sani, don haka ya ɗauka kowa ya sani. Sai mutum ashirin su yi ta kiran sakatare da tambaya ɗaya. A rubuta kwanan wata, lokaci da wuri a fili, a kuma faɗi ko taron na shugabannin sassa ne kaɗai ko na kowa da kowa.