Kurakuran da muke yi in muna kallon zanen manyan mutanen zamanin Renesans

Abun da yake damuna shine mutum ya ga zanen Turawan ƙarni na 15 da 16 ya kalli fuska kawai ya wuce, alhalin aikin yana cikin yadi da hannu da kayan da aka ajiye a gefe, nan ake gaya maka waye mutumin.

Ɗauki zanen wani ɗan kasuwa Arnolfini da matarsa da mai zane Jan van Eyck ya yi a 1434, yana Landan yanzu. Kusan kowa ya gani sai yace matar ciki ne da ita, toh ba lallai bane, rigarta kore ce mai yadi da yawa ta tattaro shi ta riƙe a gaba, yayin lokacin kenan, kuma yawan yadin shine maganar, wato mijin ɗan kasuwa ne mai kuɗi. Ka duba bakin taga akwai lemo, a Bruges, garin da aka yi zanen, lokacin daga nesa ake kawo shi da tsada, ga gashin dabba da aka bi bakin rigunansu da shi. Gyaran anan shine kafin ka yanke hukunci akan jiki ka tambayi kanka nawa wannan kayan zai ci.

Na biyu, ganin baƙaƙen kaya sai a ɗauka talauci ne ko makoki. Rini baƙi mai kyau wanda baya koɗewa tsada ne da shi. Baldassare Castiglione, wani bafade kuma marubuci ɗan Italiya da Raphael ya zana wajen 1515, baƙi da toka ya sa, babu ƙyalƙyali, amma kalli yadda ya haɗa hannuwa yana kallonka a natse, nutsuwar ita ce darajar da yake son a gani.

Wanda yafi ci min rai shine ɗaukar zanen kamar hoton kyamara. Wanda aka zana ko danginsa su suke biyan kuɗi, dan haka su suke zaɓar abun da za a nuna. Federico da Montefeltro, sarkin Urbino a Italiya, Piero della Francesca ya zana shi ta gefe kamar sarakunan Rum a jikin tsabar kuɗi, amma gefen hagu ne saboda ya rasa idonsa na dama a wasan mashi akan doki, har karan hancinsa ya samu rauni, in ka zuƙo hoton zaka ga inda hancin ya lotsa daga sama.

Sannan dan Allah kar ka kalli zanen jakadu biyu na Holbein na 1533 ta gaba kawai. Wani abu a miƙe a ƙasa kamar an ɓata fenti, karkata wayarka ka kalle shi daga gefen dama, ƙoƙon kan mutum ne, ga molo a kan shiryayye tsirkiyarsa ɗaya ta tsinke, duk a tsakiyar kayan ilimi da dukiya.