Yadda ake rufe dogon labari a bar wani ƙulli ba a kwance ba

Mai karatu na iya yafe wa marubuci ƙullin da ya bari, amma ba kowane ba. Wanda ba ya yafuwa shi ne tambayar da ta sa ya biyo labarin tun littafi na ɗaya. Wannan bashi ne, sai an biya.

Kafin ka shiga babi biyar na ƙarshe, dakata da rubutu. Koma farko da biro da takarda, ka jera duk tambayar da ka taɓa tayarwa: wa ya aiko da wasiƙar, ina takardar gonar ta shiga, me ya raba mahaifan. Gefen kowace ka rubuta sau nawa ta fito. Wadda ta fito sau uku ko fiye, mai karatu ya riƙe ta, dole a amsa, ko da cikin layi biyu ne a bakin wata tsohuwa. A labari mai littafi uku, kada abin da za ka bari a buɗe ya wuce biyu.

Ɗauki misali. Yarinya ƴar unguwar Bagalam a Maraɗi an yi mata auren dole da wani ɗan kasuwa mai safara tsakanin Maraɗi da Katsina ta garin Ɗan Isa. Kawunta ya cinye gonar gadonsu da ke bakin gulbi. Wanta kuma ya bi ta Agadas zuwa Libiya ci-rani, shiru. Makomar auren sai an faɗe ta ƙarara, domin ita ce jigo. Kawun ma sai an ga sakayyarsa. Masu karatunmu ba su yarda azzalumi ya sulale haka nan, kuma suna da gaskiya, tunda kai ka kunna musu wutar ƙinsa. Amma wan ana iya barinsa. Gidaje da yawa a Maraɗi sun san zaman jiran wanda ya tafi bai aiko ba, saboda haka rashin amsar ya fi kama da gaskiya bisa a ga ya faɗo ranar suna da mota.

Sai dai akwai sharaɗi. Ka taɓo zancensa a babi biyu na ƙarshe: lambar waya ta waje ta kira ta katse, ko wani direba ya ce ya ga mai kama da shi. Da haka ne mai karatu ke gane da gangan ka bari. In ka yi shiru gaba ɗaya, cewa za a yi ka manta, kuma sau da yawa hakan ne. Wannan ya fi tsanani in labarin na karantawa a rediyo ne, inda mai sauraro ba shi da shafin da zai koma ya duba.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne sako sabon mutum ko sabon asiri a kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshe. Gajiya ke kawo shi, ko kwaɗayin buɗe wani littafin. Waɗanda suka biya da katin waya suka shiga zauren WhatsApp don karanta labarin sukan gane dabarar nan take. In da ci gaba, faɗa musu tun farko. In babu, kada ka rubuta "mu haɗu a littafi na gaba".

Kafin saki, ba mutum uku da ba su san shirinka ba su karanta babin ƙarshe. In suka ce "ina sauran?", ba ka gama ba, koma kan jerin nan. In gardama ta kaure tsakaninsu kan ko wan yana raye, sa "Tammat bi hamdillah" ka saki.