Yadda Ake Sanya wa Sunan Domen Kwaɗo Daga Babbar Ma'ajiyar Rajista

A ranar 27 ga Agusta 2013, masu karanta jaridar New York Times sun kasa samun shafinta na intanet, alhali babu wanda ya taɓa kwamfutocin jaridar. 'Yan kutse masu kiran kansu Syrian Electronic Army ne suka sami bayanan shiga na wani wakilin kamfanin Melbourne IT, wanda ke riƙe da rajistar nytimes.com, suka sauya sabobin DNS na sunan, wato kwamfutocin da ke nuna wa mai neman shafi inda zai same shi, sai masu neman shafin suka riƙa faɗawa wani wuri dabam. Sun taɓa wasu sunaye na Twitter a wannan rana, amma twitter.com bai motsa ba, domin an riga an kulle shi a babbar ma'ajiyar rajista. Duk wanda kasuwancinsa ko ofishinsa ya dogara da sunan domen, wato adireshin shafi irin su nytimes.com, ya kamata ya san yadda ake sanya wannan kwaɗo.

Kowane suna yana da hannaye uku a kansa. Akwai mai shi, akwai dillalin da ya yi masa rajista kamar GoDaddy ko Namecheap, sannan akwai babbar ma'ajiyar da ke riƙe da ainihin kundin, wato Verisign ga .com da .net, ko NiRA ga .ng. Makullin da yawancin mutane suka sani shi ne wanda ake kunnawa a cikin asusun dillali, kuma rauninsa a fili yake: duk wanda ya saci kalmar sirrin asusun, ko ya yaudari ma'aikacin dillalin, zai kashe shi da dannawa ɗaya kamar yadda aka kunna shi. Kwaɗon babbar ma'ajiya kuwa ba ya buɗuwa daga asusun kwata-kwata. Ko da umarni ya fito daga na'urar dillalin kanta, ma'ajiyar za ta ƙi shi har sai mutum ya tabbatar da shi ta wata hanya dabam.

A fara da duba halin da sunan yake ciki. A shiga lookup.icann.org, a rubuta sunan, a karanta layin da ke nuna matsayinsa. Idan abin da ya bayyana ya fara da client, kamar clientTransferProhibited, to makullin dillali ne kawai. Abin da ake so a gani guda uku ne tare: serverTransferProhibited, wanda ke hana mayar da sunan hannun wani dillali, da serverUpdateProhibited, wanda ke hana sauya sabobin DNS, da serverDeleteProhibited, wanda ke hana goge shi. Ganin ɗaya daga cikinsu bai wadatar ba, domin ma'ajiya kan sanya shi saboda wani dalili nata, kuma na tsakiyar ne ke tare irin harin da aka kai wa jaridar.

Mai suna ba ya zuwa wurin Verisign da kansa. Ta hannun dillali ake nema, kuma ba kowane dillali ne ke yin wannan aiki ba. A rubuta masa a tambaye shi wannan kwaɗo da sunansa na Turanci, registry lock, a kuma nemi ya bayyana a rubuce ko zai sanya alamomin server guda ukun nan, saboda wasu kan sayar da ƙarin tsaro na cikin gidansu da suna mai kama da wannan. Idan ba ya yi, sai a mayar da sunan wurin mai yi. MarkMonitor da CSC sun shahara da shi a tsakanin manyan kamfanoni. Mai sunan .ng ko na wata ƙasa ya fara tambaya ko ma'ajiyarsu tana da wannan tsari, domin ba dukkansu ke da shi ba. Ana biyan wani kuɗi ban da na rajista, kuma a ganina bankin da ke karɓar kuɗin jama'a ko jami'ar da ke ɗaukar ɗalibai ta shafinta ba su da hujjar jin nauyin wannan kuɗi.

Inda ya fi buƙatar natsuwa shi ne zaɓen mutanen da za su iya ba da izinin buɗewa. Dillali zai nemi sunayensu da lambobin wayarsu, yawanci kuma da wata kalmar sirri da ake faɗa da baki idan an kira. Kada a sa mutum ɗaya tak, don tafiya ko rashin lafiya na iya tsayar da aiki, kada kuma a yawaita su. Biyu ko uku sun isa. Kada a ajiye kalmar a cikin imel ko a tura ta a WhatsApp. Ranar da ɗayansu ya bar aiki, a ranar za a cire sunansa, a kuma sauya kalmar.

Kafin a rufe, a tabbata sabobin DNS da bayanan DNSSEC, wato tsarin da ke tabbatar da cewa amsar DNS ba ta jabu ba ce, daidai suke, domin bayan an kulle, kowane gyara sai ya bi ta dillali zuwa ma'ajiya, kuma hakan na iya cin sa'o'i ko kwanakin aiki. Wanda zai sauya kamfanin DNS, wato mai kula masa da waɗannan sabobi, ya tsara ranar tun da wuri, ya nemi a buɗe, ya yi gyaran, ya sa a mayar da kwaɗon nan take, sannan ya koma lookup.icann.org ya gani da idonsa. Idan sabobin suna ƙarƙashin wani sunan naku ne, a kulle shi shi ma, in ba haka ba an rufe ƙofa an bar taga.

Kwaɗon ba ya kare bayanan da ke cikin asusun kamfanin DNS, don haka wanda ya shiga can zai iya karkatar da shafin da imel ba tare da ya taɓa ma'ajiya ba. A sanya wa wannan asusu tantancewa mai mataki biyu, da manhaja ko makullin tsaro na hannu maimakon saƙon tes, tunda ana iya sace layin waya. Haka kuma ba ya hana rajista ƙarewa, saboda haka a biya na shekaru da dama gaba ɗaya, wanda a .com yana kaiwa shekara 10, a kuma sa adireshin imel ɗin da dillali ke aika tunatarwa ya kasance a kan wani suna dabam da wanda aka kulle.